Zaman da Baffa Bai Rufe Ba

Kwana ashirin da uku ke nan da rasuwar Baffa, amma a wurin na'urar kamfanin yana nan zaune bai tashi ba. Ranar da jiri ya kwashe shi a bakin ƙofar ofis ya bar allonsa a kunne, sunansa a sama da koren rubutu, ɗan ɗigon nan yana ta ƙiftawa yana jiran umarni. Tun daga ranar, 'yar wansa da ya raina ya koya wa aikin take kewaye kujerar kamar mai gudun tada jariri. Mai shara ma ta sha kashedi: a goge ko'ina, ban da madannan rubutun da ke gaban allonsa.

Na'urar ba ƙatuwa ba ce, ba kuma 'yar kan tebur ba. Matsakaiciya ce, tsayin firji, tana gurnani a ɗakin sanyi, kuma a cikinta bayanan duk magungunan da kamfanin ya raba wa shaguna suke. In aka yi mata tambaya mai nauyi, sai ta yi awa shida tana nishi kafin ta fito da amsa mai layi miliyan huɗu. A kan inda za a zuba wannan amsa ne Baffa da 'yar wan nasa suka shekara tara suna sa-in-sa.

Ita fayil na dindindin take so, a rubuta a faifai, a ba shi suna, kowa ya same shi gobe. Shi kuwa ma'ajin wucin gadi ya riƙe. Wannan ma'aji na wanda ya shiga na'urar da sunansa ne shi kaɗai, daga allonsa kawai ake ganinsa, kuma da zarar ya fita ko aka kashe na'ura, komai ya bi iska.

"'Yar Gaggawa, faifai ba ɗakin ajiyar tsohuwa ba ne," yakan ce mata. "Ki ɗauki abin da kike so, ki bar wuri fes."

"Baffa, kai da aljihun teburinka ya cika da matattun biro?"

"Biro ba ya rage wa na'ura gudu."

Haka dai, har Allah ya yi ikonsa bai taɓa barin fayil ko ɗaya da sunansa ba. Abin da ya rage nasa a na'urar shi ne wannan zaman da bai rufe ba. Kullum da safe takan duba jerin masu aiki ta ga BAFFA a ciki, sai ƙirjinta ya ɗan saki. Ta san wauta ce, ba sai an gaya mata ba. Kewa ce kawai ke cin ta, kuma nan ne wuri ɗaya a duniya da ake lissafa shi cikin masu rai.

Da hantsi Manaja ya leƙo, yana sosa ƙeya.

"Injiniya zai zo ƙarfe biyu ya canza faifan da ke ƙara. Dole a kashe na'ura. Sau biyu ina ɗaga masa saboda ke, ki yi haƙuri."

"Akwai aikin Baffa a ciki, ranka ya daɗe."

"A sake tambayar mana. Ba awa shida ba ce?"

Ta san gaskiya ya faɗa.

Sai ƙarfe ɗaya ta iya jawo kujerar. Matashin kujerar ya lotsa daidai zaman mutumin, harafi uku na madannan sun goge saboda yatsunsa. Ta buɗe ma'ajin wucin gadi. Jadawali ɗaya ne a ciki, mai layi miliyan huɗu da 'yan kai. Baffa kan sa wa jadawali sunan wanda ya roƙi aikin, wannan kuwa GAGGAWA ya sa masa. Nan ta tuna cewa da safiyar ranar da ya faɗi ta dame shi da neman jerin magungunan, ya ce mata ta bari sai gobe. Ashe ya yi, bai dai samu ya faɗa mata ba.

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ba da umarnin a kwafe shi zuwa faifai mai lafiya. Minti arba'in na'urar tana rubutu, ita tana zaune ta ɗora hannu inda yakan ɗora nasa. Da aka gama ta buɗe bayanin sabon fayil ɗin don ta tabbatar. Da yake daga zamansa aka ba da umarnin, na'urar ta rubuta abin da ta sani: mai fayil, BAFFA. Ranar da ya yi shi, yau.

Ta daɗe tana kallon layin nan biyu, har Injiniya ya ƙwanƙwasa gilashi da jakar kayan aikinsa.

"Ka yafe min tarkacen nan, Baffa," ta ce a hankali. "Guda ɗaya ne."

Sannan ta buga umarnin fita, sunan ya ɓace daga saman allo.