Akwatin Kilishin Mahfuzu

Mahfuzu mahauci ne a unguwar Yalwa ta Garwa, kilishi yake sayarwa a bakin titi. Babban abokin gabarsa ƙuda ne. Ya gwada rufe naman da gidan sauro, ya gwada kora da wutsiyar saniya, duk a banza.

Wata Talata ya raka 'yarsa Nafisatu shagon Narcisse mai gyaran kwamfuta, za a duba mata waya. Yana zaune sai idonsa ya faɗa kan wani baƙin akwati. Gefensa ɗaya gilashi ne garau, gabansa raga ce mai ƙananan huji, bayan ragar kuma fankoki uku ne suna juyawa suna canza launi. Narcisse ya ce gidan kwamfuta ne, cikinsa wayam, sai an zuba masa kayan aiki. Mahfuzu ya tambaya ko ƙuda na iya shiga. Aka ce masa ko ƙura da kyar take ratsa ragar.

"To, ɗaure min shi a bayan moto," in ji Mahfuzu, yana nuna babur ɗinsa.

Nafisatu ta ce Baba kada ya kunyata ta, wannan na samari masu wasan gem ne. Bai ko kalle ta ba. Narcisse ya haɗa masa wayar wuta yana danne dariya.

Da la'asar ya jera kilishi a ciki, ya barbaɗa yaji da hannu biyu, ya rufe gilashi, ya danna maɓallin sama. Naman ya koma ja, ya koma kore, ya koma shuɗi. Mutane suka taru suna kallo.

Abin da bai sani ba shi ne akwai wata fanka a baya, aikinta fitar da iska. Can bayan teburinsa kuwa Madam Agnès ce ke suyar ƙosai. Ita ta fara atishawa, sai masu jiran ƙosai suka karɓa, har wani ɗan sanda da ya tsaya saye ya tafi yana hawaye. Ta taso da matsamin suya a hannu, ta ce injinsa ne. Mahfuzu ya rantse mura ce ke yawo a gari. Don ya nuna mata gaskiyarsa sai ya sunkuya, ya kafa ido a bayan akwatin.

Ita ce ta wanke masa fuska da ruwan randarta, tana yi tana faɗa da Fillanci.

Washegari ya daina zuba yaji a ciki, ya juya akwatin, bayansa na kallon titi. Ƙamshi ya riƙa tsayar da 'yan moto, ciniki ya buɗe. Matsalar da ta rage ita ce mutane. Wasu su soka wayar caji a ramukan sama, su tsaya jira. Ranar Juma'a wani dattijo ya miƙo katin shaidarsa, ya ce a yi masa fotokofi biyu.

Mahfuzu ya dubi katin, ya dubi akwatin.

"Baba, yau nama ne a ciki. A gwada wajen Narcisse."