Ranar da Aka Buɗe Famfon Inna Injiniya

"Ba wannan ba," in ji Inna Injiniya, ta kawar da bakinta daga kofin. "Ruwan leda ne. Don idona ya dushe kun ɗauka harshena ma ya mutu?"

Uwar Biyu, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su, ta tsaya da kofin a hannu tana duban Goggo, ƙanwar mara lafiyar, wadda ta zo jinya yau mako uku. Goggo ta watsa hannu kawai. Tun jiya da la'asar ake wannan dambe. An kawo na leda, an kawo na 'yan garuwa, an tafasa an tace, duk wanda aka kai mata baki sai ta ɗanɗana ta tofar. Likita ya riga ya sallame su da maganar da kowa ya san fassararta: ku kai ta gida, ku ba ta abin da ranta yake so. To abin da ranta yake so bai fi taku arba'in daga ƙofar gidan ba. Ruwan famfon tuƙa-tuƙa na unguwa take so, kuma yau kwana uku ke nan da aka ɗaure famfon da sarƙa aka datse da kwaɗo.

Shekara ashirin da biyu Inna ta yi tana gyaran famfon nan. Mijinta mai gyaran famfo ne, da ya rasu bai bar mata komai ba sai jakar sifanoni da bakin mutane. Ranar da ta fara ɗaura ɗamara ta tsuguna a gindin famfon, mazan da ke zaman bakin titi suka yi ta ƙyaƙyata dariya suna cewa ga Injiniya ta fito. Da yamma matansu suka ɗebi ruwa, su kuma suka sha ba su ce uffan ba. Sunan ya bi ta. Daga baya ta koya wa mata shida aikin, ba allo ba takarda, sai faɗa da dungure. Za ta ɗora bakin sifana a jikin bututu, ta kara kunnenta a ɗaya ƙarshen, ta ce a tuƙa sau uku, nan take ta gaya maka abin da ya lalace can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A cikin su shidan, Uwar Biyu ce ta fi kama hannunta, ita aka ba ajiyar jakar tun da ciwo ya kwantar da mai ita.

Sai ga shirin ƙarfafa mata ya sauka a unguwar. Ɗan kwangila ya zo da ma'aikatansa suka shafe famfon da fenti shuɗi, suka kafa allo mai hoton wata kyakkyawar mace da hular kwano tana murmushi, ta riƙe sifana kamar mai riƙe da ludayi. Ba wanda ya taɓa ganin matar nan a unguwar. Sannan aka ɗaure famfon don kada hannun talaka ya ɓata fenti kafin Babbar Baƙuwa ta zo ta buɗe shi yau da ƙarfe goma.

"Sun sauya robar da ke jawo ruwan?" Inna ta tambaya, muryarta can ƙasan maƙoshi.

"Ban gani ba, Inna."

"Ba su sauya ba. Ranar da suka gwada shi ina jin sa daga nan. Iska yake ja, kamar ni. Kitso suka yi da ƙwarƙwata." Ta huta, ta lashi leɓɓanta da suka tsage. "Ke, ɗauki jakar ki kira matan. Akwai sabuwar roba a gwangwanin da ke cikin jakar. In kun fara yanzu, kafin azahar na sha."

"To, Inna."

"To ɗin nan naki ba shi da ƙashi."

Gaskiya ta faɗa. Uwar Biyu ta fita da kofin a ƙullin zaninta, amma ba jakar ta nufa ba, wajen Shugabar mata ta nufa, wadda ke tsaye a bakin rumfa tana ƙirga kujerun roba da yatsa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata bayani a hankali, ta roƙi mukulli.

"Yau? Yau za ki kwance min famfo ki baje hanjinsa a ƙasa?" Shugaba ta dafe ƙirji. "Haba, 'yar nan. Allah ya ba Inna lafiya, ai uwarmu ce duka. Amma ruwa ai ruwa ne. Ki ba ta na leda ki ce na famfo ne."

"Tana ganewa, ranki ya daɗe."

"To ta yi haƙuri zuwa goma. Ke fa sunanki ne na farko a cikin masu karɓar takardar shaida. Kin san da takardar nan har sauran unguwanni za a riƙa kiranki aiki. Kada ki zubar da abincinki da hannunki. Je ki ɗaura atamfar bikin ki zo layi."

Uwar Biyu ta koma gindin famfon ta tsaya. Noti huɗu ne ke riƙe da kansa, ta san su kamar yadda ta san haƙoran 'ya'yanta. Ko mukullin ma ba ta buƙata, don sarƙar ba ta kama komai ba sai mariƙi. Amma sai ta tuna da mijinta tela, wanda idonsa ya fara kasa zura zare a allura, ta tuna da 'yan biyunta da ke ƙaruwa kullum kamar ana hura su. Ta ce a ranta, goma ai ba nisa. Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba, ta kuma san tsoro ne, amma ta sa masa suna haƙuri ta shiga gida ta ɗaura atamfa.

Goma ta yi ta wuce. Sha ɗaya ta bi ta. An jera mata cikin atamfa iri ɗaya a rana, manya kuma suna inuwar rumfa suna fifita da takardun jawabi. Mai lasifika yana ta gwada murya, yana sanar da cewa Babbar Baƙuwa ta taso, tana hanya, ta kusa. Wajen sha biyu Uwar Biyu ta ga ma'aikatan ɗan kwangila sun zagaya bayan allo da jarkoki biyu na 'yan garuwa, suka buɗe kan famfon suka ɗura ruwan a bututu har ya cika, suka mayar suka goge da tsumma. Ta taɓa matar da ke kusa da ita, wata mai sayar da itace da suka koyi aikin tare.

"Kin ga abin da na gani?"

"Na gani. Ki yi shiru, mu dai a ba mu takardarmu."

Azahar ta yi. Goggo ta leƙo daga ƙofar gida ta yafito ta da hannu. Uwar Biyu ta nuna mata famfon, ta nuna titi, alamar yanzu-yanzu. Da me za ta shiga ɗakin nan? Da kofi wayam?

Sai bayan ƙarfe biyu motoci suka shigo suna tayar da ƙura a kan fentin da aka hana mutane ruwa kwana uku dominsa. Babbar Baƙuwa ta sauko, mace mai fara'a, kuma a yi mata adalci, jawabinta ya yi daɗi. Ta ce mata su ne ƙashin bayan ƙasa. Ta ce lokaci ya yi da mace za ta riƙe sifana kamar yadda take riƙe muciya. Ta ce daga yau, albarkacin wannan shiri, matan unguwar nan za su fara koyon gyaran famfonsu da kansu. Daga yau! Aka yi tafi har da guɗa. An gode wa ɗan kwangila, an gode wa Shugaba, an gode wa mai lasifika da wanda ya ba da hayar kujeru. Tsohuwar da ke kwance taku arba'in daga wurin, tagarta a buɗe, ko a tari ba wanda ya ambace ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aka cire sarƙa, aka yanke ƙyalle da almakashi. Babbar Baƙuwa ta kama mariƙin da yatsu uku ta danna, ruwa ya tsirto, masu hoto suka yi ta walƙiya. Uwar Biyu ta fasa layi ta kutsa da kofinta ta tara, har wani mai tsaro ya ture ta da gwiwar hannu. Ta sami rabin kofi. Ta kai baki ta ɗan kurɓa. Ɗumi gare shi, da warin jarka.

Ta tsaya da shi a hannu yayin da ake kiran sunaye. Aka miƙa mata takardar shaida, ta karɓa da hagu, aka ce ta yi murmushi, ta buɗe haƙora. Tana iya kai wannan rabin kofin yanzu ta rantse na famfo ne, ai daga bakinsa ya fito. Amma matar da ta gane ciwon famfo daga kan gadon mutuwa ba za ta gane ruwan jarka ba? Kuma da wane ido za ta dube ta bayan nan? Ta zubar da shi a gindin allon.

Motoci ba su gama juyawa ba famfon ya koma jan iska. Yara suka tuƙa, suka tuƙa, ba ko ɗigo. Shugaba ta ce wataƙila sai ya huta, ta shiga motar ɗan kwangila.

Uwar Biyu ta ruga gida ta ɗauko jakar. Ta bayan katanga tana jin numfashin Inna, yana ja yana tsayawa. Goggo ta ji motsinta ta kira ta.

"Uwar Biyu, ki shigo mana. Tun ɗazu take cewa ina kike."

"Goggo, ce mata ga ni a bakin famfo. Ce mata na fara. Yanzu zan kawo."

Sauran mata biyar ɗin da Inna ta koya wa suka ajiye takardunsu a kan kujera suka danne da dutse, suka tattare sabbin atamfofin suka ɗaure a ƙugu. Aka kwance noti huɗun. Bututu bakwai ne a ramin, kowanne ya fi mutum biyu tsawo, kuma ba a gaggawa da su, don in ɗaya ya suɓuce ya faɗa ƙasa, unguwa ta yi sallama da ruwa. Huɗu suna ja, ɗaya tana maƙalewa, Uwar Biyu tana warware mahaɗa. "Ja! Tsaya! Maƙale!" Sai da ta faɗa sau uku sannan ta ji ashe da muryar Inna take faɗa, har da tsakin da ke biyo baya. Masu kwashe rumfa suka tsaya kallo, ɗaya ya ce ashe matan nan sun iya, tun ba a fara koya musu ba.

Da bututun ƙarshe ya fito, robar ta cinye ta zama kamar tsohon silifa. Uwar Biyu ta sa sabuwa, mai itace tana riƙe mata bututun. Mayarwa ta fi fitarwa wuya. La'asar ta yi sanyi kafin su ɗaure noti na ƙarshe, gaban atamfarta duk baƙin mai da tsatsa. Ta kama mariƙi ta tuƙa. Sau goma ba komai. A na sha biyar ta ji nauyi ya kama hannunta, nauyin da ta sani. Ruwa ja mai tsatsa ya fara fitowa, ta bar shi ya zuba har ya washe. Ta ɗauraye kofin sau biyu ta cika, ta kuma cika bokiti, ta kama hanya tana takawa a hankali don kada ya zube.

Takalma ta fara gani a ƙofar ɗakin, sun fi na ɗazu yawa. Goggo na zaune a dokin ƙofa ta lulluɓe kanta.

"Ba a daɗe da ta cika ba," in ji Goggo, ba ta ɗago ba. "Tana jin ku. Duk bututun da kuka fitar sai ta ƙirga. Ta kai bakwai, ta ce to yanzu saura mayarwa. Ta ce in gaya miki kada ki matse noti da yawa, halinki ne."

"Ta sha wani abu?"

"Na jiƙa auduga da na leda na shafa mata a leɓe. Wannan karon ba ta ƙi ba. Ba ta da ƙarfin ƙi."

Uwar Biyu ba ta yi kuka ba a lokacin. Haushi ne ya cika ta har wuya, na Shugaba, na ɗan kwangila, na masu tafi, amma duk in an tara bai kai wanda take ji na kanta ba. Da ta kwance notin nan da safe, da tun azahar an sha an gode. Ba wanda ya riƙe mata hannu. Kalma biyu aka gaya mata a bakin rumfa ta je ta ɗaura atamfa.

Wata dattijuwa da aka kira don wankan gawa ta ɗaga labule ta leƙo, hannayen rigarta a naɗe.

"A samo mana ruwa mai tsabta, bayin Allah. Wannan na ina ne?"

"Na famfo ne," in ji Uwar Biyu.

Dattijuwar ta ɗauki bokitin, ta karɓi kofin ma daga hannunta ta juye a ciki, ta saki labule. Uwar Biyu ta zauna a ƙasa kusa da Goggo ta jingina da bango. Can sai ruwan ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, siriri, da ɗan kumfa a kansa, ya bi gefen tsakar gida ya nufi rariya. Ta janye ƙafarta ta ba shi hanya.