Dawowar Elihu

A gidanmu, cikin tsaunukan gabashin jihar Kentaki, akwai wani kiɗan goge da ba a kaɗa shi da yatsan zobe. Sunansa Dawowar Elihu. Elihu shi ne mahaifin Kaka Lonzo. Ya tafi yaƙin basasa na zamanin bauta da yatsu goma, ya dawo da tara, an ce ma wata shida ya yi wa Kudu yaƙi, ya yi wa Arewa shekara, dangi dai ba sa son a tono wannan. A hanyarsa ta dawowa ya tsara kiɗan, kuma duk inda yatsan zoben da ya rasa ya kamata ya danne tsirkiya, sai ya zame da na tsakiya. Zamiyar tana ɗan cin lokaci, shi ya sa kiɗan yake ɗingishi, masu rawa su yi ta take ƙafar juna.

Kaka Lonzo yatsunsa goma cif, amma shekara sittin yana ɗage na zoben in ya zo wannan kiɗa. Duk wanda ya koya wa, da ya sauke yatsan zai ji sandar goge a bayan hannunsa. Ƙanena Arlie ya fi kowa shan sandar, don ya fi kowa iyawa, kuma ya sani.

Yana da shekara goma sha tara ya ce shi ba zai yi ɗingishi don wani mamaci ya yi ba. Ya sauka gari ya shiga ƙungiyar masu kiɗan zamani da ake kira kantiri ta gidan rediyo, aka ba shi farar malfa. Mai jitarsu ya kasa bin kiɗan Elihu, sai suka miƙar da shi sumul, suka ɗora masa waƙar tuta da uwa mai jiran ɗa a bakin ƙofa. Yaƙin Koriya ya soma a lokacin, faifan ya shiga ko'ina. Ranar da Kaka ya ji shi, sai ya ɗauki rediyon ya kai akurkin kaji ya ajiye.

Bayan shekara aka kira Arlie soja, aka tura shi Koriya. Harsashi bai same shi ba, sanyin can ne ya cinye masa yatsa ɗaya na hannun hagu. Kafin ya iso gida ƙungiyar ta ɗauki wani. Ni ba mai saurin kuka ba ce, amma ranar da na ga ya ɗora gogensa kan kabad ya rufe da tsumma, na ji tausayinsa sosai. Ya ce ya ba da sunansa a ramin kwal, ran Litinin zai fara, ramin da ya binne mahaifinmu.

Mutanen kwarinmu kuwa suka yi ta zuwa barka. Kowa sai ya ce ai shi ke nan, ya gaji Elihu, kiɗan gida ya sami mai shi. Ko matar fasto da ta kawo burodin masara haka ta ce. Ba wanda ya tsaya ya duba wane yatsa ne. Na tsakiya Arlie ya rasa, wanda kiɗan gaba ɗaya yake rataye a kansa.

Ran Lahadi bayan coci ina ɓarar wake a baranda, Arlie yana shafa wa takalman rami mai, sai Kaka ya fito da gogensa ya zauna.

"Mai farar malfa, miƙo hannun in gani."

"Ƙyale ni, tsoho. Ba irin na ubanka ba ne."

"Na sani. Ni na iya ƙirga."

Ya juya hannun ya duba kamar mai sayen alfadari, ya sake shi. Sannan ya lanƙwashe nasa yatsan na tsakiya cikin tafin hannu, ya sauke na zobe a kan tsirkiya, ya soma kiɗan. Ban taɓa jin abu mai muni haka ba. Karen gidan ya tashi ya koma bayan ɗaki. Kaka ya kai wurin zamiyar ya faɗi, ya sake, ya faɗi, har sau biyar, gumi yana bin gemunsa.

Arlie ya ajiye takalmin. "Kana kashe shi, tsoho."

"Kai ka fara kashe shi a rediyo. To zo ka nuna min, ɗan nema."

Arlie ya karɓi gogen. Ya daɗe yana lalube, kafin ya sami hanya da manuni da yatsan zobe. Ɗingishin bai tafi ba, wuri ya canja, ya koma can gaba inda Elihu bai taɓa tuntuɓe ba. Na jira Kaka ya ce ba haka ubansa ya bari ba. Sai ya ce a ba shi ya gwada.

Ya bi yadda Arlie ya yi, a hankali, yana kallon hannunsa. A tsakiyar kiɗan sabo ya rinjaye shi, yatsan tsakiya ya miƙe ya sauka kan tsirkiya. Arlie ya zare sandar daga hannunsa, ya kwaɗa masa ita a bayan hannu.

"Ɗage shi," in ji Arlie. "Sake daga farko."

Kaka ya ɗage.