Farantai a Kan Katanga

Shekarar da Lauratu ta dawo Maiduguri daga jami'a, hadarin ƙasa ya matsa wa gari. Kafin saukar damina sai gabas ta yi ja, iska ta kwaso rairayi ta rufe rana, bayan ta lafa a bar yara da tari da ciwon ido. Malaminta ya ce in ta aiko masa da ƙurar zai sa a bincika abin da ke cikinta, amma in ruwa ya riga ta, aikin bana ya rushe.

Sai ta shafa basilin a farantai, ta ɗora su kan katangun maƙwabta don ƙurar ta manne. Kunya ta hana ta yin bayani. A gidan Inna Saude, wadda jikarta Sa'adiya ke fama da fuka, abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Inna, zan bar wannan a nan."

Hadari ya zo ya wuce. Lauratu ta fita da ɗoki, ta tarar da katangu wayam. Tana komawa gida sai ga sallama. Inna Saude ce riƙe da farantin, an wanke shi tas, an cika da sinasir. A bayanta Rebeka, matar malamin makaranta, ita ma da nata cike da ƙosai.

"'Yar nan," in ji Inna Saude, "bokon bai koya miki wanke-wanke ba? Maiƙo har baki, kuma ki bar shi a waje! Sai da na sa toka."

"Ni na ɗauka yunwa ce," in ji Rebeka. "Na ce yarinyar nan ba ta iya roƙo ba, shi ya sa ta ajiye faranti ta gudu."

Lauratu ta sunkuyar da kai. "Inna, ƙurar nake nema."

"Ƙura? Wadda muke sharewa kullum?"

Rebeka ta yi dariya har ta dafa bango. Lauratu ta daure, murya ƙasa-ƙasa, ta ce duk ranar da iskar nan ta taso Sa'adiya ba ta iya numfashi, kuma har yanzu babu wanda ya duba ya ga me ke shiga ƙirjin yaran. Dariya ta tsaya.

"Shi ne ba ki buɗe baki ba?" Inna Saude ta gyara mayafi. "Ci sinasir ɗinki. Kwano nawa kike so?"

Kwanaki suka shuɗe, sama ta yi shiru, Lauratu ta fara cire rai. Ran nan bayan azahar gabas ta sake yin ja. Kafin ta ɗauko basilin, unguwa ta kaure da ƙarar kwanuka. Mata suka fito da langa da fanteka, har da kwanukan jere da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Aka shafa musu basilin, aka jera su kan katangu. Inna Saude ta sa Sa'adiya a ɗaki, ta rataya jiƙaƙƙen zane a taga kamar yadda Lauratu ta nuna mata, sannan ta tsaya bakin zaure tana ba da umarni.

"Duk wadda ta wanke, ni da ita!"

Da iska ta lafa, kowane kwano ya yi ja. Lauratu ta kankare ƙurar cikin kwalabe. Washegari ta kai su tashar mota don a kai wa malaminta, kuma a kan hanyarta ta dawowa ruwan farko ya sauka, ya jiƙa ta sharkaf.

Ta wanke kwanukan ta kai wa Inna Saude nata. Tsohuwar ta buɗe murfi, ta leƙa, ta ga babu komai a ciki, ta mayar mata.

"A garin nan wa ya taɓa mayar da kwano haka nan?"

Lauratu ta kwashi kwanuka ta nufi gidan Rebeka, don ta koya mata suyar ƙosai.