Jan Ƙyauren Garuba

Garuba ya tsoma tsumma cikin gwangwanin fenti, ya goga a jikin ƙyauren daga sama har ƙasa, sannan ya ja da baya yana kallo. Ja wur. Duk zangon Kumasi ba mai irinsa.

"Maigida, don girman Allah ka tsaya," in ji matarsa Mamuna daga cikin zaure. "Ka shafa fari, ka shafa shuɗi, ko ka bar katakon yadda yake. Ban da ja."

"Ke, goron da ya gina gidan nan wane launi ne?"

"Ni uwata Asante ce. A wurinsu ja na makoki ne. In an yi mutuwa, jan zane suke ɗaurawa, su rataya shi a bakin ƙofa."

Garuba ya yi tsaki. Wai shi za a tsorata da mutuwa! Shi da ya fito daga Salaga tana cin wuta, da kibiya a cinyarsa, ya tako har Kumasi bai nemi jaki ba. Shi da ya ci ɓera da ganye shekarar da aka kewaye barikin Turawa, manyan ƙarti suna zubewa kamar buhu. Annobar mura ta bi lungun nan gida gida, ta kwantar da shi, aka haƙa masa rami, ya tashi ya nemi tuwo. Ɗan tarin da ta bar masa, wannan ai tsaraba ce.

Ba son ja ne ya kai shi ba, Munkaila ne. Gidan Munkaila na kallon nasa, kuma sana'arsu ɗaya. Matan Asante su ke kawo goro daga daji a ka, duk ƙofar da suka sauke farkon kaya, nan za su yi ta saukewa har kaka ta ƙare. Tun da Garuba ya kafa gida nasa suke zuwa. Sai bana Munkaila ya shafe ƙyaurensa da kore, har masu wucewa suna tsayawa kallo. To, Garuba ba ya bin bayan kowa.

Munkaila yana zaune a kan dakalinsa yana jan carbi.

"Sannu da aiki, gwarzon Salaga," ya ce. "Ƙara masa ta gefen hagu, bai ji ba."

"Ka ji da naka, mai kama da kashin agwagwa."

Munkaila ya yi murmushi, ya tashi ya shige gida. Garuba ya ƙara ta gefen hagun.

Hantsi ya ɗaga, yana cikin zaure yana tari, sai ya ji kururuwa daga bakin lungu. Ba ta mutum ɗaya ba. Ya leƙa. Matan goro ne, sun dire kwanduna a tsakiyar hanya, sun ɗora hannu a ka. A gabansu Maame Afiriye, shugabarsu, tsohuwa gajera mai muryar namiji, tana dukan ƙirji tana kiran sunansa. Sun hango ja a ƙofar mutumin da suka bari yana tari, sun gama lissafinsu.

Da farko abin ya yi masa daɗi. Wa aka taɓa yi wa kuka haka a zango? Ya gyara hula ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa.

"Ga ni! Mutuwa ta san gidana, ta kuma san abin da ta tarar."

Matan suka watse da ihu, wata ta faɗa kan kwando. Maame Afiriye kaɗai ta tsaya. Ta dube shi, ta dubi ƙyauren, ta matso ta shinshina. Sannan ta share hawayenta da gefen zane, a hankali, kamar mai goge dauɗa.

"Papa Garuba," ta ce da Hausarta ta kasuwa, "wa ya mutu?"

"Ba kowa. Ado ne."

"Ado." Ta tofar da yawu. "Mura ta ɗauke mini 'ya'ya. Wannan kala na ɗaura har ya koɗe a jikina. Kai ka saya da kuɗi ka shafa, ka sa na yi maka kukan banza a kan titi."

"Maame, a garinmu dogaran sarki ke sa ja."

"To, ka kai goro garinku. Kai ka kira mutuwa, ka zauna ka jira ta. Gorona ba ya shiga nan."

Sai ga Munkaila ya ƙetaro, da farin ƙyalle a naɗe a hammata, da gwangwani a hannu.

"Na ji kuka, na ce bari in kawo likkafani kada a ce maƙwabci bai kyauta ba. Ashe da saura." Ya ajiye gwangwanin a gaban Garuba. "Ga ragowar kashin agwagwa, in kana so. Maame, zaurena a share yake, akwai ruwan sanyi."

"Tsohon munafuki! Ka sani ka yi shiru."

"Matarka ma ta sani, ba ta yi shiru ba. Me ya hana ka ji?"

Mutanen lungu sun taru, har da masu dariya a ɓoye. Garuba ya shuri gwangwanin, kore ya malale a ƙasa. Ya rantse hannunsa ba zai kankare abin da ya shafa ba, kuma fentin Munkaila ba zai taɓa katakonsa ba ko da zai koma cin ɓera.

Mamuna ta fito ta durƙusa gaban Maame Afiriye, ta yi mata magana da harshen uwarta, ƙasa ƙasa, ta daɗe. Tsohuwar ta saurara fuska a ɗaure.

"Saboda ke," ta ce. "Za mu zauna gindin bishiyar can. In ladan ya kira azahar jan nan yana kallon hanya, mun ƙetara."

Garuba ya shiga zaure ya zauna a kan buzunsa. Ta ƙofa yana hango kwanduna jere a inuwa, an rufe su da ɗanyen ganye, da Munkaila yana kai wa matan ruwa da kansa. Goron shekara guda ke nan. In ya ƙetara, ba zai dawo ba. Inuwar katanga tana ta janyewa.

Can ya miƙe. Bai kira kafinta ba. Ya ɗauko guduma da tsohuwar adda, ya ɓamɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya rungumi ƙyauren da ɗanyen fentinsa, ya juya shi. Tari ya sarƙe shi, ya jingina da bango har ya lafa, ya ci gaba da bugu. Kafin ladan ya buɗe baki, farin katako ne ke kallon lungu.

Maame Afiriye ta zo ta duba. Ta dubi rigarsa da hannuwansa, jajaye har gwiwar hannu.

"Kada ka taɓa mini kaya. Matarka ta karɓa."

Matan suka shigo da kwanduna, ƙyauren a buɗe, jan ya manne da bango ba mai ganinsa. Munkaila ya naɗe likkafaninsa.

"Zan ajiye maka," ya ce. "Ba ya lalacewa."

Bayan la'asar, da matan suka tafi, Garuba ya tura ƙyauren ya sa sakata. Zauren ya cika da warin fenti. Jan ya tsaya a gabansa tun daga sama har ƙasa, da shatin hannuwansa biyu a tsakiya.

"Kin gani?" ya ce wa Mamuna. "Ko ɗigo ban kankare ba. Gobe ki faɗa wa duk wanda ya tambaya."

"Zan faɗa, Maigida."

Ta ɗauki tsintsiya ta shige ciki. Garuba ya zauna yana kallon ƙyauren. Tarin ya taso, ya danne shi. Sannan ya ja buzunsa, ya juya shi, ya zauna yana fuskantar bango.