Kofi Bakwai Ba Ruwa

Mahaifin Ginwa giyar arak yake dafawa a garin Zahle, saboda haka babu mai ba Ginwa labarin wannan giya. Tun tana ƙarama ta san ana tsarma ta da ruwa da ƙanƙara, a kurɓa a hankali ana cin abinci. Amma ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan matan jami'arsu a Beirut tana da tata al'ada: duk sabuwar 'yar wasa sai ta shanye kofi bakwai na arak a jere, ba ruwa, ana tafi ana ƙirga mata. Bara, da ƙawarta Tala ta shanye kofunan ta suma, Ginwa ce ta rungume ta a bayan mota har asibiti, tana jijjiga ta tana kiran sunanta. Tala ta tashi, amma ba ta sake taka fili ba.

Bana aka taru cin abincin rana a bakin teku a garin Batrun. Karma, kyaftin ɗin ƙungiyar, ta ajiye tire cike da kofuna a gaban sababbi uku. Ginwa ta miƙe, ta ɗauki tiren, ta juye shi kaf a gindin wata bishiyar lemo.

"Ke 'yar Zahle, kanki ɗaya kuwa?" in ji Karma. "Da wannan fa babanki yake ciyar da ke!"

"Babana bai taɓa ɗura wa mutum kamar jarka ba."

"Mu duk mun sha, ga mu nan garau."

"Duk? Ina Tala?"

Karma ta cije leɓe.

"To ki sani, daga yau babu mai miƙa miki ƙwallo."

"Sai in ƙwato da kaina. Hannu gare ni."

Ginwa ta juya ga sababbin. "Ku taso, 'yan ƙannena. Ƙwallo kuka zo yi."

Biyu suka bi ta. Ta ukun ta sunkuyar da kai, ta zauna, kuma hakan ya yi wa Ginwa ciwo fiye da maganar Karma.

Washegari Ginwa ta je ofishin wasanni na jami'a ta faɗi komai, ta ce a rubuta sunanta. Aka hana al'adar, aka karɓe muƙamin kyaftin daga hannun Karma. Rabin ƙungiyar suka daina yi mata magana, suna kiranta magulmaciya.

Ba ta fasa atisaye ko sau ɗaya ba. Kullum ita ke fara zuwa, ta tsaya a ƙofa tana gaishe su da ƙarfi, kowacce da sunanta, har da masu kau da kai.