Injin Ingilishi a Garkar Barmo

Albasa ta fara kwantawa a garkar Barmo da ke fadamar Badaguishiri, shi kuwa tsohon yana zaune kan bulo yana gyara wa Ingilishi yaƙinsu. 'Yarsa Sahiya, wadda duk wahalar garkar ke wuyanta tun rasuwar mijinta, ta gaji da labarin nan har cikin ƙashinta.

Da ƙuruciya Barmo ya tsallaka Sakkwato ya shiga sojan Ingila, aka kai shi Masar yana miƙa wa masu gyaran tankokin yaƙi kayan aiki. Bai taɓa harba bindiga ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya ja rundunar.

"Kowace tanka da irin nata noti," in ji shi. "Wagga ta lalace, ba a iya ciro na waccan a sa mata. Da sun ji tawa, sun ƙera iri guda tun farko, sifana guda ta kwance duka. Da yaƙi ya ƙare tun da wuri, da na iske inna da rai."

"Baba, albasa na mutuwa," in ji Sahiya.

Abin haushin shi ne, kowa a fadamar ya koma ƙananan injinan ban ruwa da ake sayowa daga Najeriya, duk iri ɗaya. Na wani ya tsaya, sai ya ari ƙarfe wurin maƙwabci, kafin azahar ruwa na gudu. Barmo kaɗai ya riƙe tsohon injin Ingila mai nauyin jaki, wanda ko a Ƙonni ba a samun notinsa. Da wani notin injin ya tsage, makaniki Mati ya kawo na awon Faransa, ya ga ya kusa shiga, ya taimaka masa da guduma. Haƙoran ƙarfen suka cinye gaba ɗaya. Kwana da kwanaki ke nan injin na tsaye, Sahiya na roƙon ya bari a sa irin na mutane, yana ƙi.

Sahiya ta tsuguna gaban mahaifinta. Ba ta saba mayar masa da magana ba, amma yau ta ƙure.

"Baba, ka yi mini gahwara. Duk hwadamar ga ta yi abin da kac ce Ingilishi su yi. Kai ɗai ka ƙiya."

Ya dube ta, ya dubi injin, ya kau da kai. Ta ɗauki hakan a matsayin izini, ta je ta roƙi maƙwabcinsu Sallau aron injinsa. Aka kawo shi a kura, aka zo haɗawa, sai ga wata sabuwa: bututun da Barmo ya kafa cikin rijiya shi ma awon Ingila ne, bakin tiyon Sallau ya ƙi zama. Aka naɗa roba, ya zame. Aka ƙara tsumma, ya sha iska. Sahiya ta zauna a ƙasa, ko kukan ma ba ta da ƙarfinsa.

Can Barmo ya dafa sanda ya miƙe. Ya karɓi zarto daga hannun Mati, ya ce kada kowa ya taɓa. Ya daɗe yana goga, har bakin bututun ya faɗi. Aka cusa tiyon, aka ɗaure, ruwa ya taso.

Shukokin da ke kusa da rijiya suka miƙe kafin la'asar. Na can nesa kuwa ruwan ya iske su sun riga sun bushe. Barmo ya bi ruwan a hankali har ƙarshen garka, ya tsaya kan busasshen ganyen.

"Ɗiyata," ya ce, ba tare da ya juyo ba, "da na yanke shi tun ranar da kin ka hwara magana, da waɗanga sun tashi ko?"

Ta so ta yi masa ƙarya, amma ta gaji.

"Da sun tashi, Baba."